Cigiyar kare daga Bomo: wa ya ga Ƙyalesu?

Baban Khairat:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Cigiya nake yi, na kuma san wasu za su yi dariya, amma ku daure ku karanta. Karena ya ɓata tun daren Asabar a Bomo, ta wajen gonaki. Sunansa Ƙyalesu. Irin karnukanmu na gida ne, ja, ƙirjinsa fari, kunnuwa a tsaye ba a yanke ba, bindinsa a naɗe. Dogo ne, ba shi da jiki sosai, akwai igiyar fata a wuyansa. Biki aka yi a maƙwabta, samari suka yi ta fasa nokawut har tsakar dare. Da asuba na fito na tarar ya tsinke ɗaurinsa, babu shi babu dalilinsa. Shi ke gadin kajina da tumaki. Kafin ya girma an sha haura mini katanga, amma tun da ya fara haushi ko ƙwai ba a sake ɗauka ba. Duk wanda ya gan shi, ko ya ji labarin an ga irinsa, don Allah ya yi mini magana. Akwai tukwici.

Ɗan Palladan:
Ikon Allah sai kallo. Mutane na cigiyar yara da babura, yau kuma ga cigiyar kare har da tukwici. Yallaɓai, ka leƙa kowace bola a Samaru ka kama wani mana, ai kyauta suke.

Maman Ummi:
Kai Ɗan Palladan, da ganin maganarka ba ka taɓa kiwo ba. Wanda aka taɓa kwashe wa kaji a dare ɗaya ba zai ce haka ba. Karen bola ya san gidanka ne? Ya san 'ya'yanka? Ya san wane ne baƙo? Baban Khairat, Allah ya bayyana. Zan sa yaran gidanmu su riƙa dubawa ta nan Hanwa, duk da dai da nisa.

Abu Huzaifa:
Ɗan'uwa, ni nasiha zan yi maka. Wataƙila Allah ne ya raba ka da shi. Mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da akwai kare, kuma kullum ana rage wa mai ajiye shi lada. Ka bar shi ya tafi, ka sa waya mai ƙaya a katanga.

Malam Mai Risala:
Malam Abu Huzaifa, hadisan da ka kawo ingantattu ne, amma ka yanke su a tsakiya. Hadisin rage lada da kansa ya togace karen farauta da na kiwo da na gona. Mutumin nan ya ce tumaki da kaji yake tsare masa a bakin gona, to ina laifin? Abin da malamai suka yi saɓani a kai shi ne karen gadin gida a cikin gari. Ibn Abi Zaid a Risala ya tafi a kan ba a ajiye shi a cikin gidaje sai don shuka ko dabbobi ko farautar neman abinci. Amma masu sharhin littafin sun kawo cewa shi kansa da katangar gidansa ta faɗi, ya ji tsoron ɓarna, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik, ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. To mu da muke wannan zamanin na satar shanu da garkuwa da mutane fa?

Sannan ko a ce ma kuskure ne ajiye shi, dabbar da ka saba ciyarwa haƙƙinta na wuyanka. Mun san hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Neman nan da yake yi ba abin kunya ba ne.

Abu Huzaifa:
Na ji Malam. Amma najasarsa fa? Yaran gida suna wasa da shi.

Malam Mai Risala:
A mazhabar Malikiyya kowane mai rai tsarkakakke ne, har da yawun kare. Wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai, bin umarni ne, ba don najasa ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin najasa ne. Kowa da hujjarsa. Amma mu bar mutum ya nemi karensa, wannan karatun a yi shi wani zama.

Jikan Maharba:
Baban Khairat, ni a cikin karnuka na tashi, bari in faɗa maka abin da na sani. Ɓatan kare iri biyu ne. Akwai wanda ya bi karya lokacin barbara. Wannan kada ya dame ka, zai yi kwanaki yana bin ta da sauran karnuka, in ya gama sai ka gan shi a ƙofar gida ya rame, kunne duk cizo. Akwai kuma wanda firgita ta kora, irin naka. Wannan shi ne mai wuya, don ba ya gudu da hankalinsa. Miƙewa yake yi kawai har sai ƙarar ta daina isa kunnensa, sannan ya nemi wuri ya laɓe: ƙarƙashin kwalbati, kangon gini, cikin karan dawa, ramin da aka ɗebi ƙasar gini.

Abu na farko, kada ka tara yara da ihu kuna kiran sunansa. Karen da ya tsorata ko muryar ubangidansa ya ji daga nesa da ƙarfi, ƙara nisa yake yi. Da rana ba ya fitowa. Ka fita bayan sallar asuba da kuma gab da magariba, kai kaɗai ko da wanda ya saba ba shi abinci. In kun haɗu kada ka nufe shi kai tsaye, kada ka zuba masa ido. Ka tsuguna ka juya masa gefe, ka ajiye abinci, ka yi irin fiton da kake masa a gida, a hankali. Shi zai zo da kansa.

Na biyu, ka ɗauki rigar da ka yini da ita ba a wanke ba, da buhun da yake kwanciya a kai, ka ajiye a bayan katanga ta inda ya fita, da ruwa a kaskonsa. Hanci ne jagoransa.

Na uku, ƙishirwa ce za ta fara fito da shi kafin yunwa. Yanzu rani ne, ruwa ya ja baya, don haka ka bi bakin rafi da fadamun masu noman rani ka tambaye su. Su ne ke kwana a lambu, babu dabbar da za ta sauko shan ruwa ba su gani ba.

Baban Khairat:
Allah ya saka da alheri. Tun jiya yara ke zagaye unguwa suna kwaɗa masa kira, yanzu zan hana su. Rigar ma zan ajiye yau da daddare.

Maman Ummi:
Ka ƙara da masu sana'ar dare da na sassafe. Mai shayi, mai tsire, mahauta a kwata, 'yan garuwa, masu gadin shaguna, 'yan sintiri. Kare mai jin yunwa inda ake zubar da ƙashi yake nufa. Su kuma almajirai da 'yan bola jari babu lungun da ba sa shiga. Ka nuna musu hoto a waya, kada ka tsaya kwatance da baki, don rabin karnukan Zariya jajaye ne masu farin ƙirji.

Dakta:
Sannu Baban Khairat. Abin da Jikan Maharba ya faɗa daidai ne, har maganar hanci. An taɓa yin bincike a ƙasar Czech, aka wallafa a 2020, inda aka ɗaura wa karnukan farauta 27 na'urar bin sawu aka sake su a daji. Wasu sun dawo ta hanyar bin ƙanshin sawunsu, wasu kuma suka yanko sabuwar hanya. To amma can daji ne. A nan akwai titin Funtuwa da manyan motoci, ga ƙura, ga hayaƙi, ƙanshin sawu ba ya daɗewa, kuma karen da ya tsallaka titi a firgice sau da yawa tsoron sake tsallakowa ke hana shi dawowa.

Tambayata ita ce: an yi masa allurar riga-kafin haukan kare? Yaushe? Kana da katin?

Baban Khairat:
An yi masa Dakta, a asibitin dabbobi na jami'a, amma ta bara ce, lokacin sabuntawa ya ɗan wuce. Katin yana nan.

Dakta:
To ka adana katin nan da kyau, zai yi maka amfani biyu: shaidar lafiya da shaidar mallaka, tunda akwai sunanka da kamanninsa a ciki. Sauran maganar sai an gan shi.

Ɗan Filato:
Ba na so in tayar maka da hankali Baba, amma gara ka sani. Akwai masu bin ƙauyuka suna sayen karnuka, kuma ba kowane ne ke tambayar inda yaro ya samo ba. Can wajenmu a ƙaramar hukumar Kanke akwai kasuwar Dawaki, tana ci ranar Alhamis, kasuwar karnuka ce babba. Daga jihohin Arewa ake tara su, har daga Nijar, a loda a mota cikin keji, masu saye kuma suna zuwa daga Kuros Riba da Akwa Ibom. Sana'a ce ta mutane da yawa, galibinsu da kuɗinsu suke saye a hannun masu shi, ba na zagin kowa. Amma ɓataccen kare mai lafiya kuɗi ne a idon wasu yara. Shawarata, kafin Laraba ka nemi masu tara karnuka a yankinku, ka kai musu hoton, ka ce in an kawo shi za ka biya abin da suka bayar. Kada ka je da faɗa ko barazanar 'yan sanda. In ka tsorata su, ko yana hannunsu ba za ka sake ganinsa ba.

Ɗan Palladan:
Wato yanzu Ƙyalesu yana iya zama a tukunya a Kalaba. Inna lillahi.

Admin:
Ɗan Palladan, a sassauta. Mutum na cikin damuwa. Kuma ba mu son a mayar da maganar nan zagin abincin wasu, akwai kowa a zauren nan.

Baban Khairat:
Jama'a ga sabuwa. Wani ya kira ni ɗazu, ya ce karen yana hannunsa a Giwa, amma in tura masa Naira 5,000 kuɗin motar da zai kawo shi. Na ce ya turo hoto, ya ce wayarsa ƙarama ce ba ta ɗauka. Me kuka gani?

Maman Ummi:
Kada ka tura ko sisi! Waɗannan su ne masu bin cigiyar rediyo, ko yaro aka ce ya ɓata haka suke kira.

Jikan Maharba:
Akwai wata alama a jikinsa da ba ka faɗa a cigiyar ba? In akwai, kada ka rubuta ta a nan. Ka tambayi mai kiran ya duba karen ya faɗa maka. In ya ce bari ya duba ya kira, shi ke nan. In ya fara kame-kame, ka san inda aka dosa. Ko kuma ka ce kai za ka zo da kanka, ku haɗu a ƙofar gidan mai unguwarsu.

Baban Khairat:
Akwai alama. Na kira shi na tambaya, ya ce “duk yadda ka faɗa haka yake.” Na ce to gani nan zuwa Giwa, mu haɗu a gidan mai unguwa. Ya kashe wayar, har yanzu ba ta shiga.

Baƙo Daga Ingila:
Allah ya kyauta. A nan inda nake karatu, tun Afrilun 2016 doka ta tilasta a saka wa kowane kare wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata, tsakanin kafaɗu, girmanta kamar ƙwayar shinkafa. In aka tsinci kare sai a kai wa likitan dabbobi, ya ɗora abin karantawa, lamba ta fito, a duba rajista a kira mai shi. Me zai hana a fara a gida?

Ɗan Palladan:
To da an saka masa ai sai a buɗe waya a ga inda yake yanzu.

Dakta:
A'a, mutane da yawa suna wannan zaton. Na'urar ba ta nuna inda dabba take, ba ta da batir ma. Lamba ce kawai, sai an kama karen an kawo shi wurin mai abin karantawa, sannan a ce akwai rajistar da za a duba. Wanda ya tsinci kare a ƙauye wa zai kai wa? Mai nuna wuri wata aba ce daban da ake ratayawa a wuya, tana son caji da layin waya, kuma ɓarawo ita zai fara cirewa. A yanayinmu abin da ya fi aiki shi ne ƙaramin faranti na ƙarfe a wuya da lambar wayarka, masu yanka makulli suna bugawa. Sai kuma hotuna masu kyau ta kowane gefe, da maƙwabta su san karenka.

Mai Napep Kwangila:
Salamu alaikum. Yanzu wani ya nuna mini wannan cigiyar. Ranar Litinin na kai wata mata da kayan miya wani ƙauye bayan Shika, a hanyar dawowa na ga yara uku suna jan wani jan kare da igiyar fata a wuya. Abin da ya sa na lura, karen ba ya tirjiya irin na karen da ba a saba ɗaurewa ba, bin su kawai yake kansa a ƙasa. Ban rantse shi ne ba. Amma in Alhaji yana so, gobe da safe in kai shi daidai wurin.

Baban Khairat:
Allah ya yi maka albarka ɗana. Na turo maka lambata. Bayan Shika kuma! Ban taɓa kawo wa raina ya yi wannan nisan ba, ni duk ta wajen Samaru nake nema.

Jikan Maharba:
Ba nisa ba ne ga kare mai gudun tsoro. Ƙauyukan wajen akwai 'yan farauta, kuma yanzu lokacinta ne, an gama girbi. Kare dogo mara jiki irin wanda ka kwatanta shi suke so, don shi ke cim ma zomo. In a hannunsu yake ka gode wa Allah, ba za su cutar da shi ba. Amma ka bi ta kan mai unguwa, shi zai haɗa ka da sarkin bakansu. Kada ka shiga gidan mafarauci kai tsaye ka ce karenka ne, karnukansa ma ba za su bar ka ba. Ka tafi da goro.

Maman Ummi:
Shiru Baban Khairat, tun safe muke jira. Yaya aka yi?

Baban Khairat:
Alhamdulillahi, jama'a an ga Ƙyalesu! Yanzu muka shigo gida. Ku bari in ba ku labarin yadda ya kasance.

Yaron nan mai Napep ya kai ni har ƙauyen. Muka yi sallama da mai unguwa, dattijo mai kirki, na nuna masa hoto da kati. Ya aika aka kira yaran. Da farko suka ce ba su san zancen ba, sai da ƙaraminsu ya fashe da kuka. Ashe a lambun wani mai tumatir suka same shi kwance a bakin ramin ruwa, suka ba shi ƙanzo, ya biyo su. Suka kai wa wani mafarauci ya ba su Naira 6,000.

Aka kira mafaraucin, ya zo ransa a ɓace. Ya ce shi da kuɗinsa ya saya, kuma kowa na iya ɗaukar hoton jan kare ya ce nasa ne. Mai unguwa ya ce to kafin a kawo karen, in faɗi alamar da ba ta cikin hoto. Na ce a ƙafarsa ta baya ta hagu akwai yatsa ɗaya da babu farce, tun yana kwikwiyo ƙofar kejin kaji ta datse shi. Aka je aka duba, haka ne. Duk da haka mutumin ya ce a sake shi a fili a ga wanda zai bi. Na tuna maganar Jikan Maharba, ban kira sunansa ba, na tsuguna na yi fito. Ya tsaya yana kallona jim kaɗan, sai ya taho yana kuka yana birgima a ƙafafuna, har ya ɓata mini riga. Mafaraucin da kansa ya yi dariya ya ce shi ke nan, magana ta ƙare.

Iyayen yaran suka ce an riga an kashe kuɗin. Na ga abin zai zama rigima tsakaninsu, sai na biya mafaraucin kuɗinsa na ƙara masa na abincin da ya ba shi. Mun rabu lafiya, har ya ce in ina so in riƙa ba shi aron karen, don a fita ɗaya da suka yi da shi ya ga yana da gudu.

Abu ɗaya ne ya dame ni: akwai ciwo a cinyarsa, kamar cizo. Mafaraucin ya ce ba karnukansa ba ne, da shi aka kawo shi.

Ɗan Palladan:
Barka! Amma ni fa ban gane ba. Karenka, wahalarka, kuɗin Napep ɗinka, sannan kai za ka biya? Gobe yaran nan za su sake kama na wani, tunda sun ga ana cin riba.

Maman Ummi:
A nan kam ina bayan Ɗan Palladan. Tsintuwa ba sata ba ce, amma sayar da abin da ka tsinta ba tare da cigiya ba fa? Kare da igiya a wuya ai kowa ya san yana da mai shi. Da an sa iyayen sun biya ko rabi ne, su ji a jikinsu.

Malam Mai Risala:
A hukunce, gaskiyarku. Wanda ya sayar da abin da ba nasa ba cinikin bai zartu ba sai da yardar mai shi. Mai abu ya ɗauki abinsa, mai saye ya koma wa wanda ya sayar masa. Shi kansa cinikin kare an yi hani a kansa, sai dai malamanmu sun yi saɓani a kan wanda aka yi izinin ajiyewa, har an ruwaito Sahnun yana cewa zai sayar da shi ya yi hajji da kuɗin. Kuma wanda ya kashe irin wannan karen sai ya biya ƙimarsa, wato dai dukiya ce mai alfarma. Saboda haka ba dole ba ne a kan Baban Khairat. Amma abin da ya yi sulhu ne, kuma ku tuna yaran nan su suka ba shi abinci lokacin da yake kwance. Kuɗin ciyarwa kuwa mafaraucin yana da haƙƙinsa.

Jikan Maharba:
Ku bar batun hukunci. Mutum yana kiwo a bakin daji, ya sami aboki a cikin mafarauta da Naira 6,000, wallahi ya yi arha. Ranar da aka kore masa tumaki, waɗannan mutanen ne za su bi sawu.

Maman Ummi:
Ni dai ban gamsu ba, amma tunda mai abu ya yafe, shi ke nan.

Dakta:
Barka da arziki Baban Khairat. Yanzu ku ajiye maganar kuɗi, ciwon nan ya fi ta muhimmanci. Ba mu san abin da ya cije shi ba, kuma allurarsa ta wuce lokaci. Ga abin da za ka yi.

Ka ɗaure shi shi kaɗai, da sarƙa ba igiya ba, inda yara da tumaki ba sa zuwa. Na san su Khairat suna murna, amma kada a bari ya lashe su, musamman fuska ko inda akwai ƙurji. Gobe ka kawo shi asibiti a wanke ciwon, a sake masa allurar nan take, a duba kaska, don karen da ya kwana a daji da wuya ya dawo babu ita. Bayan nan zai zauna a killace na makonni ana lura da shi, likitan da ya duba shi zai faɗa maka iyakar lokacin. Abin da za ka sa wa ido: ya canza hali, ya riƙa cizon abin da bai saba ba, yawu ya riƙa dalala, muryar haushinsa ta sauya, ya kasa haɗiya, ko ƙafafun baya su saki. Ba kowane mahaukacin kare ne ke bin mutane da cizo ba, wani lafewa yake yi shiru baki a buɗe, mutane su zaci ƙashi ne ya maƙale su sa hannu. Kada kowa ya sa hannu.

Dalilin da ya sa nake matsawa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar nan tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma yara ƙasa da shekara 15 suna da yawa a ciki. Tana iya ɓoyewa a jiki wata biyu zuwa uku, wani lokaci fiye, kuma da zarar alamu sun bayyana, kusan babu mai tashi. Amma kafin nan ana iya tare ta. Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tafi asibiti a ranar a fara masa allurai. Ba a jira, ba a tsaya ga shafa gashin karen ko toka a ciwo ba.

Don Allah ka kira mai unguwar can ka tambaya ko ya ciji wani cikin yaran ko mafaraucin.

Abu Huzaifa:
To kun ga irin abin da nake gudu.

Dakta:
Malam, maganinsa allura ce sau ɗaya a shekara, daga wata uku da haihuwa. A Vom ta jihar Filato ake sarrafa maganin allurar, a cibiyar binciken dabbobi da ke can tun 1924. In aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki, cutar tana daina yawo a cikinsu. Duk 28 ga Satumba ana ranar yaƙi da ita, kuma a wurare da dama akan yi allurar kyauta ko da rangwame a lokacin. Karen da ke ba mu tsoro shi ne wanda ba shi da mai nemansa.

Baban Khairat:
Na kira mai unguwa Dakta. Ya tambayi yaran a gaban iyayensu, babu wanda ya ciza ko ya yakusa. Na kuma roƙe shi ya gaya wa mafaraucin ya kawo nasa karnukan a yi musu allura, ya ce guda tara gare shi, ba a taɓa yi wa ko ɗaya ba. Na sayo sarƙa, na ɗaure shi a bayan rumbu. Khairat tana ta kuka an hana ta zuwa wurinsa.

Dakta:
Gara ta yi kukan. Batun karnuka tara kuwa, ba sai ya kwaso su ba. In sarkin bakansu zai tara na ƙauyen duka a rana ɗaya, zan yi magana da abokan aikina mu je can. Ka ba ni lambar mai unguwar ta gefe.

Maman Ummi:
Saura masu nokawut. Wata mai zuwa akwai wani bikin a layinku ko? Ka yi wa maƙwabtan magana tun yanzu, ko ka shigar da shi ɗakin ajiya ka rufe daren.

Baban Khairat:
Ɗakin ajiyar dai Hajiya, don samarin nan ba sa jin magana. Mai Napep, na tura maka tukwicinka, ka duba. Gobe ƙarfe takwas za ka iya zuwa mu kai shi asibiti?

Mai Napep Kwangila:
Na gani Alhaji, na gode, Allah ya ƙara buɗi. Zan zo, amma a shimfiɗa buhu a kujera kuma a ɗaure masa baki, don yau sai da na kai Napep ɗin wanki kafin fasinja suka yarda suka shiga. Takwas da rabi, sai na sauke 'yan makaranta.